Gawa Ta Casa'in Da Biyar

  

Akwai wani irin littafin hikaya da Turawa suke yawan wallafawa, wanda 'ya'yanmu da suka iya Turanci sukan ci karo da shi. Siffarsa ba ta cika sākewa ba. Mawallafi zai koma da kai wani zamani da ya daɗe da shuɗewa, ya saukar da kai a wani ƙaramin gari inda kowa ya san kakan kowa. Sai a tsinci gawa. Masu iko su kama wanda ya fi sauƙin kamawa. Sa'an nan wani mutum, wanda shi ba alƙali ba, ba dogari ba, ba wanda ya naɗa shi kome, ya ce ransa bai kwanta ba, ya shiga bin sawu har ya tono mai laifin na gaskiya. Ina so in faɗi abin da na gani game da waɗannan littattafai. Akwai amfani babba a cikinsu, akwai kuma wani miki da aka rufe da zane mai kyau, wanda ya kamata uba ya san da shi kafin ya bar ɗansa da littafin.

Zance a dunƙule ba ya ƙosarwa, saboda haka zan tsaya a kan mawallafiya guda, wadda ta yi fice a wannan fanni. Sunanta Edith Pargeter, amma ta sa wa littattafan sunan Ellis Peters. An haife ta cikin 1913 a lardin Shurofsha na ƙasar Ingila, ta rasu cikin 1995. Ba ta yi karatun jami'a ba. Da ƙuruciyarta ta yi aiki a kantin sayar da magani, kuma wanda ya karanta littattafanta zai ga alamar wannan, don ta san ganye da saiwa da abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa. Tana da shekara sittin da 'yan kai ta fito da littafi na farko na wannan jeri cikin 1977, ta yi ta bi har ta cika ashirin cikin 1994, ban da wani ƙarami na gajerun labarai.

Gwarzon labarin wani rahibi ne, watau ɗaya daga cikin ruhubanawan Nasara masu barin aure da dukiya su tare a gidan ibada. Sunansa Kadfayel, mutumin ƙasar Wales. Ta ce kafin ya shiga wannan hanya ya yi soja, ya bi rundunar Salibi da ta ci Antakiya cikin 1098 da Baitul Muƙaddas cikin 1099, daga baya ya yi aikin jirgin ruwa, sai da ya kai shekara arba'in kana ya ajiye takobi. Mu mun san ɓarnar jinin da waccan runduna ta yi a Ƙudus, mawallafiyar kuwa ba ta daɗe a wurin ba. Abin da ta fi ambata shi ne ilmin magani da ya koyo wurin mutanen Sham. Aikinsa a gidan ibadar shi ne kula da lambun magunguna. Kadfayel ƙage ne, bai taɓa rayuwa ba. Amma garin gaskiya ne: Shurusbari, wanda kogin Seban ya kewaye shi saura kaɗan ya haɗe, kusa da iyakar Ingila da Wales. Littafin ƙidayar da Sarkin Ingila ya sa aka yi cikin 1086 ya ambaci gidaje 252 a garin, ka ga ke nan ba birni ba ne. Gidan ibadar ma gaskiya ne, an kafa shi cikin 1083, aka rushe tsarinsa cikin 1540, har yau kuwa wani sashe na majami'arsa yana tsaye.

Zamanin da ta zaɓa zamanin basasa ne. Sarki Hanri na Ɗaya ya mutu cikin 1135 ba shi da ɗa namiji na aure, don wanda yake da shi ya nutse a teku cikin 1120. Ya riga ya rantsar da manyan ƙasa za su bi 'yarsa Matilda, amma yana mutuwa sai ɗan 'yar'uwarsa, Istifanus, ya haye gado. Aka yi ta gwabzawa har 1153. Domin malamai su gane lokacin da lissafinmu, ana maganar wajen shekara ta 532 ta Hijira ne, sa'ad da Alƙali Iyal mai Ashafa yake raye a Magrib.

Me ya sa masu wannan hikaya suke son komawa baya haka? Dalili a fili yake. A zamanin nan in an yi kisa, akwai likitan da zai binciki gawa, akwai masu ɗaukar shaidar yatsa, akwai waya. Mai lambu ba shi da abin cewa. Amma a Ingila ba a kafa 'yan sanda irin na yanzu ba sai 1829 a Landan, ko muƙamin mai binciken mutuwar farat ɗaya ma sai 1194 aka tsara shi. A zamanin Kadfayel abin da ake da shi hakimin lardi ne da sojojinsa, su kuwa yaƙi ya sha musu kai. Saura ido da kunne da sanin mutane. Ƙaramin gari kuma yana taimako, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya shekara goma sha bakwai yana shafa wa tsofaffin gari magani ya san wa ke bin wa bashi, ya san wace amarya ce ba ta so, ya san a wane lungu na bakin kogi wata ciyawa take tsirowa.

To, ga littafin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shi ne na biyu, na 1979. Tushensa tarihi ne tabbatacce. Cikin watan Agusta na 1138 Sarki Istifanus ya kewaye gidan ganuwar Shurusbari, wanda mutanen Matilda suke riƙe da shi. Shugabansu ya sulale ya tsere. Da gidan ya faɗi, sarki ya yi fushi, ya sa aka kashe wani babba mai suna Arnul tare da mutum wajen 93. Wani rahibi marubucin tarihi na wannan zamani, Odarik, haifaffen wani ƙauye kusa da garin, shi ya rubuta wannan. Iyakar tarihi ke nan. Daga nan mawallafiya ta karɓa.

Ta ce shugaban gidan ibada ya roƙi sarki izinin binne gawawwakin, aka tura Kadfayel. An rataye mutanen daga kan ganuwa, an zubar da su cikin gwalalo, a tsakiyar zafi. Kowa so yake a gama a huta. Shi kuwa ya jera su, ya gyara su, ya ƙirga. An ce masa 94 ne. Ya sami 95. Ya je ya gaya wa hakimi, hakimi ya ce ai kuskuren lissafi ne, a rana irin wannan wa zai damu da ɗaya? Kadfayel bai yarda ba. Ya nuna cewa saurayin nan guda ba a ɗaure hannunsa kamar na sauran ba, kuma abin da ke wuyansa ba shatar igiyar rataya ba ce, shatar siririyar tsirkiya ce da aka shaƙe shi da ita ta baya. Watau wani ya yi kisan kansa, ya zo ya cusa gawar cikin gawawwakin sarki, yana tsammani ba mai ƙirgawa.

Jama'a, ku dubi wannan da kyau. Mutum 94 sun mutu da umurnin sarki, rahibin nan ba shi da ikon hana wannan, bai kuma yi kamar yana da shi ba. Amma yawan waɗanda aka kashe bai sa na casa'in da biyar ya zama banza a wurinsa ba. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan hali. Wanda aka kawo masa kaya aka ce ɗauri ɗari ne, ya sa hannu bai ƙirga ba don dare ya yi, ya san abin da yakan biyo baya. Ranar da gari ya rikice ita ce ranar da maci amana yake jira, don ya san a ranar ba mai duba ƙaramin abu. Da aka bi sawu, ashe mai kisan ɗaya ne daga cikin manyan jami'an sarkin da kansa, kwaɗayin dukiyar da saurayin yake ɗauke da ita ya ja shi. Yadda aka tabbatar da laifin kuwa zai ba malamai mamaki. Ba shaidu biyu aka kawo ba, fagen fama aka shata, mai ƙara da wanda ake ƙara suka yi ta sara har ɗaya ya faɗi, wai wanda ya rage shi ke da gaskiya. Wannan ba ƙagen mawallafiya ba ne, hanya ce da shari'ar Ingila ta sani, ba a kuwa soke ta a hukumance ba sai 1819.

Wani littafin, na 1983, ya nuna ɗaya fuskar. Wani yaro maroƙi mai yawo gari gari, yana kiɗa yana wasan hannu, aka ɗauke shi ya yi wasa a bikin ɗan wani maƙerin zinariya. A daren aka buge maƙerin, aka kwashe akwatinsa. Nan take 'yan biki, da giya a kansu, suka ce ai baƙon nan ne. Suka bi shi da duka har cikin majami'a da tsakar dare. Dokar wannan zamani ta ba wanda ya fake a wurin ibada kwana 40 ba a taɓa shi, cikin kwanakin nan ne Kadfayel ya yi aikinsa. Da aka tsamo wata gawa daga kogi, sai ya dubi ganyayen da suka maƙale a jikinta, iri uku, ya nemo wurin da ukun suke tsirowa tare a bakin kogin, kusa da gidan maƙerin. Ɓarawon na cikin gida ne. 'Yar maƙerin ce ta cikinsa, wadda ta tsufa tana yi wa gidan bauta, uban ya ƙi fitar da kayan aurenta don rowa, ga shi kuma amarya ta zo za ta karɓe makullai.

Irin wannan aiki da alama ba baƙo ba ne a wurin malamai. Ƙissar rigar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wadda aka duba ta ina ta yage, kowane almajiri ya san ta, kuma Ibn Farhun ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamu cikin Tabsira. Wanda kuma zai ce wannan rahibi ɗan sa-ido ne kawai, sai in ce a'a. Ɗan sa-ido yana leƙen gidan mutane ne tun ba a yi kome ba, yana neman abin faɗi. Wannan kuwa ba ya tashi sai gawa ta kwanta a ƙasa, an kuma ɗora wa wani marar gata laifin. Yaron da ya karanta littafi ashirin irin wannan, in ya ji an yi kururuwar ɓarawo a kasuwa, watakila ya tsaya ya tambayi wa ya gani da idonsa kafin ya ɗauki dutse. Don wannan kaɗai ban hana karanta su ba.

Amma fa ga mikin. Yana cikin littafi na uku, na 1980, wanda har ya ci lambar yabo ta marubutan wannan fanni a Ingila. Wanda ke son ya karanta da kansa ya yi haƙuri, zan faɗi ƙarshensa, don ba a maganar sai da shi.

Wani mai gandu, Bonel, ya yi fushi da agolansa, ya ƙudura zai ba gidan ibada gandunsa, su kuma su ba shi ɗaki da abinci har mutuwarsa. Kafin a buga wa takardar hatimi, aka aika masa da dafaffiyar makwarwa, ya ci ya mutu. An zuba mata wani man shafawa na ciwon gaɓoɓi ne, wanda Kadfayel da kansa ya haɗa daga saiwar wata ciyawa mai shuɗin fure, wadda in an shafa magani ce, in an sha ajali. Aka ce agolan ne, yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko biyar. Kadfayel ya bi diddigi, ya gano cewa gandun yana cikin ƙasar Wales ne, ba Ingila ba. A dokar Wales ta lokacin, ɗan da mutum ya haifa ba da aure ba yana cin gado muddin uban ya amsa nasa ne, alhali a dokar Ingila ba ya ci. Bonel kuwa yana da irin wannan ɗa, saurayi mai suna Mairig. In aka buga hatimi, gandu ya tafi har abada. In uban ya mutu kafin nan, yana da hujja. Har nan aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma mai karatu ya ƙaru da sanin dokokin ƙasa biyu.

Sai me ya faru? Mairig ya tsere, ya dawo da dare da wuƙa ya tare Kadfayel shi kaɗai, amma hannunsa ya kasa. Ya faɗi yana kuka, ya amsa laifinsa, ya ce a yi masa hukunci. Kadfayel ya ce hukuncinsa shi ne ya tafi ya rayu, ya yi ta aikin alheri har iyakar ransa. Ya bar shi ya shige duwatsun Wales. Daga baya saurayin ya aiko da iƙirarinsa a rubuce, aka wanke agola. Mataimakin hakimi, Hiyu Beringa, aminin Kadfayel ne, ya gane abin da aka yi, ya kau da kai.

An rubuta wurin da gwaninta, har mai karatu ya ji ƙwalla. Ni dai tambayata guda ce: jinin Bonel na Kadfayel ne da zai yafe shi? A dokar Ingila ta zamanin, kisa laifi ne a kan amanar sarki, sarki ke da magana. A dokar Wales, diyya ce ake biya wa dangin mamaci. A wurinmu, duk wanda ya karanta Risala ya san afuwa ta waliyyan jini ce, ko sun yafe ma akwai bulala ɗari da ɗaurin shekara, kisan gilla kuwa, wanda aka yi da yaudara don dukiya, ba ya karɓar afuwa faufau. Ban ce a auna Nasaran 1138 da Risala ba. Abin da nake nunawa shi ne, shari'u uku ne waɗanda ba su san juna ba, ba kuwa ko ɗaya da ta ba mai bincike wannan iko. Ko a addininsa ma Kadfayel ba limami ba ne, ba shi da ikon kankare zunubi, littattafan da kansu sun faɗi haka.

Za a ce mini, Malam, ai rahama ta fi, ga yaro ya tuba, rataye shi ba zai ta da uban ba, ga ƙasa cikin basasa, shari'ar sarki ma ba ta da tsarki, ba shi ne ya rataye mutum 94 don fushi ba? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma a lura da abu biyu. Na farko, mun gaskata tuban Mairig ne don mawallafiya ta buɗe mana zuciyarsa, ita ke riƙe da alƙalami. Mai unguwa ko limami ko sarkin kasuwa da wani zai zo ya faɗi gabansa yana kuka ba shi da wannan taga. Hawaye ba shaida ba ne, wanda ya taɓa ba da bashi ya sani. Na biyu, ku dubi yadda ta share wa gwarzonta hanya. Ta yi Bonel mutum mai taurin zuciya, wanda ya mai da ɗa bawa a gandunsa, don kada mu ji zafin mutuwarsa. Ta yi mai kisan saurayi mai fara'a, mai jin ƙan wani tsoho ɗan'uwansa. Ba ta nuna mana wani ɗan'uwan Bonel na jini da zai tsaya ya nemi hakki ba, in ban da wanda ya kashe shi. To, wanda ba shi da dangi, maganar jininsa hannun sarki take komawa, wakilin sarki kuwa shi ne abokin nan da ya kau da kai.

A nan ne littafi na uku ya warware abin da na biyu ya ƙulla. A na biyu an koya mana cewa gawa guda cikin 95 tana da hakki, ko ta wane ne, ko da hakimi ya ce a bari. A na uku sai hakkin ya zama gwargwadon yadda mamaci ya shiga ranmu. Saurayin da aka shaƙe kyakkyawa ne marar laifi, aka nema masa hakki har fagen fama. Bonel tsoho ne mai baƙin hali, sai aka yafe jininsa a cikin rumbun tumaki, da dare, ba shaida. Ashe ba ƙirga aka yi ba, zaɓe aka yi.

Ba kuwa sau ɗaya ba ne. Tun a littafi na farko halin ya bayyana. Tarihi ya tabbatar cewa wani babba a gidan ibadar, Robat, ya je wani ƙauye a Wales wajen 1138 ya kwaso ƙasusuwan wata mata da suke ɗauka waliyyiya ce, ya kawo Shurusbari. Mawallafiya ta shiga ta wannan ƙofa. Ta ce a tafiyar wani rahibi ya kashe dattijon ƙauyen da ya ƙi a tone kabarin, shi ma mai kisan ya mutu a hannun wani saurayi ba da nufi ba. Don ya tsirar da saurayin, Kadfayel ya mai da ƙasusuwan matar kabarinsu a ɓoye, ya sa gawar mai kisan cikin akwatin, ya liƙe, ya shirya tufafinsa a ƙasa yadda za a zaci an ɗauke shi sama. 'Yan'uwansa suka ɗauko akwati da waƙe-waƙe. Sauran littattafan duka, mutanen gari da masu ziyara suna durƙusa wa akwatin nan suna ba da sadaka, shi kuwa ya sani, yana murmushi. Attajirai su faɗa mini sunan wanda ya sayar wa mutane da akwati a rufe, ya san abin da ke ciki ba shi ne abin da aka rubuta a bayansa ba. An ba da labarin da raha, shi ya sa mai karatu ba ya jin ɗacinsa.

Ina zaton ita kanta mawallafiyar ta ji nauyin abin daga baya. A littafi na ƙarshe, wanda ta rubuta tana da shekara tamanin, Kadfayel ya ƙetare iyakar izinin da shugabansa ya ba shi, ya tafi ceton ɗansa, wanda wata bazawara ta haifa masa a Antakiya tun yana soja. Wannan karon bai yanke wa kansa hukunci ba. Da ya dawo sai ya shiga majami'a ya kwanta rubda ciki a ƙasa, yana jiran abin da shugaba zai ce, a karɓe shi ko a kore shi. Aka karɓe shi.

Saboda haka wanda ɗansa ya kawo waɗannan littattafai gida, shawarata ya bar shi ya fara da na 1979, ya bi da na 1983, kana ya zo na 1980. An kuma mai da goma sha uku daga cikinsu wasan talabijin a Ingila tsakanin 1994 da 1998, amma littafin ya fi, don a nan ne ake ganin yadda ake ƙirga da duba wuya da ganye. In yaron ya gama na Bonel, uban ya zaunar da shi ya tambaye shi wa aka yi shawara da shi kafin a saki Mairig. Zai koma ya duba shafukan ƙarshe, ya tarar an naɗa sabon shugaba a gidan ibada, agola ya fita zargi, kowa yana murna, Bonel kuwa yana kabari.